Wa Ya Fara Tashi da Jirgin Sama? Tarihi da Abin da Talabijin ke Nunawa

A daren 5 ga Agusta, 2016, ana tsakiyar bikin buɗe gasar Olympics a filin wasa na Maracanã da ke birnin Rio de Janeiro, masu kallon talabijin a faɗin duniya suka ga wani irin jirgi mai kama da akwatunan yadi da aka jera ya ɗaga daga tsakiyar fili, wani mutum mai malafa yana tsaye a cikinsa. 'Yan Birazil suka kaure da shewa, domin ko ɗan firamare a ƙasar ya san wannan jirgi. Sunansa 14-bis, mai shi kuwa Alberto Santos-Dumont, wanda suke kira uban harkar jirgin sama. A Amurka kuwa masu kallo da yawa sai mamaki ya kama su. Su abin da aka koya musu tun suna yara shi ne, wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kekuna, Wilbur da Orville Wright, su ne suka ƙirƙiro jirgin sama a 1903. Har a jikin lambar mota jihohin Ohio da North Carolina suke gasar alfahari da su.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Faransa tana da Clément Ader, wanda na'urarsa mai aiki da tururi ta ɗan ɗaga daga ƙasa a 1890. A duniyar Musulmi ana ambaton Abbas ibn Firnas na Ƙurɗuba, wanda aka ruwaito ya ɗaura fukafukai ya gwada tashi a ƙarni na 9, ko da yake cikakken labarin ya zo ne daga alƙalamin al-Maqqari, wanda ya rayu ƙarni bakwai bayansa. Galibinmu ba a littafi muka fara haɗuwa da waɗannan mutane ba. A allo muka gan su, ko a fim, ko a shirin tarihi, ko a guntun bidiyon da ke yawo a waya. Shi kuwa allo yana da buƙatunsa: gwarzo ɗaya, rana ɗaya, da abokin gaba ɗaya. Tarihin jirgin sama bai zo da wannan siffa ba, saboda haka sai an sassaƙe shi kafin ya shiga akwatin talabijin. Abin da ya kamata mai kallo ya sani shi ne me aka sassaƙe aka zubar.

Ranar da ba ta da fim

A safiyar 17 ga Disamba, 1903, a wani shimfiɗaɗɗen filin rairayi kusa da ƙauyen Kitty Hawk, Orville Wright ya kwanta rub da ciki a kan fiffiken ƙasa na jirginsu, ya tashi na daƙiƙa 12, ya yi tafiyar mita 37. Sau huɗu suka tashi a ranar suna karɓa-karɓa. A tashi na ƙarshe Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ya ci mita 260. Daga nan iska ta kifar da jirgin yana ajiye, bai sake tashi ba har abada. Shaidu biyar ne kawai a wurin. Ɗaya daga cikinsu, John Daniels, ma'aikacin ceto a bakin teku wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, shi aka sa ya matsa robar da ta ɗauki hoton nan da duniya ta sani.

Babu hoto mai motsi na wannan rana. Duk bidiyon da mai karatu zai gani an rubuta 1903 a ƙarƙashinsa, ko dai na 1908 ne zuwa sama, ko kuwa 'yan wasa ne suka kwaikwaya.

Daƙiƙa 12 suna da daɗin nunawa. Shekaru huɗu na gwaji da lissafi da suka gabace su ne suke ba mai shirya fim wahala. A 1899 Wilbur ya rubuta wa cibiyar Smithsonian da ke Washington wasiƙa yana neman duk abin da aka wallafa game da tashi sama. Sun yi nazarin aikin Bajamushe Otto Lilienthal, wanda ya tashi kimanin sau 2,000 da jirgi marar inji kafin ya faɗo ya rasu a 1896. Sun yi ta musayar wasiƙu da injiniya Octave Chanute, wanda ke tattara sakamakon masu gwaji daga ƙasashe daban-daban yana rabawa. Da jirginsu marar inji na 1901 ya ba su kunya, sai suka koma shagonsu a Dayton suka ƙera wani dogon akwati mai fanka a baki, suka gwada ƙananan fukafukai kusan iri 200 a cikin iskar da fankar ke hurawa, suka gyara alƙaluman da magabata suka bari.

Babban abin da suka gano shi ne sarrafa jirgi bayan ya tashi. Wasu kafin su sun yi tsalle da inji sun faɗo. Su kuwa sun haɗa abubuwa uku: murɗa gefen fukafukai don jirgi ya karkata dama ko hagu, wani ƙaramin fiffike a gaba don hawa da sauka, da kuma jela mai juyawa a baya. A kan wannan ƙa'ida jiragen yau suke tafiya, duk da cewa sigar ta sauya.

Injin kuma wani ne ya ƙera shi. Da kamfanonin mota suka kasa ba su inji mara nauyi irin wanda suke so, sai bakaniken shagonsu, Charlie Taylor, ya zauna da zanen da aka yi masa a takarda ya ƙera inji mai ƙarfin doki 12 cikin mako shida. Taylor bai je Kitty Hawk a ranar ba, yana Dayton yana tsaron shago, don haka babu shi a hoton. Ya tsufa cikin talauci, ya rasu a 1956. A yau hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka tana ba ƙwararrun kanikawan jirgi lambar yabo mai ɗauke da sunansa.

Talabijin ta taɓa nuna wahalar wannan aiki ba da niyya ba. A 17 ga Disamba, 2003, wajen bikin cika shekara 100, an kawo jirgin da aka ƙera daidai da na asali, bayan shekaru ana bincike da kashe kuɗi, a gaban dubban mutane da kyamarori. Aka yi ruwa, iska kuma ba ta kai ƙarfin da ake buƙata ba. Jirgin ya bi layinsa, ya ɗan ɗaga hanci, ya faɗa cikin taɓo.

Gani ya kori ji

Bayan 1903 'yan'uwan sun ci gaba da gwaji a wani fili kusa da Dayton. A 5 ga Oktoba, 1905, Wilbur ya yi ta zagaya filin na minti 39, tafiyar kusan kilomita 39. Daga nan suka kulle jirgin, suka daina tashi fiye da shekara biyu, don tsoron kada a sace musu fasaha kafin su sayar da ita. Suna neman gwamnatoci su sa hannu a kwantiragi kafin su ga jirgin da idonsu. A Turai mutane da yawa suka ɗauke su maƙaryata.

A wannan tsakani ne Santos-Dumont ya cika idon duniya. Ɗan attajirin manomin gahawa ne daga Birazil, an haife shi a 1873, ya zauna a Paris. Tun a 19 ga Oktoba, 1901 ya yi suna, lokacin da ya tuƙa balan-balan mai inji daga Saint-Cloud ya zagayo hasumiyar Eiffel ya koma, ya ci kyautar faran 100,000, ya raba kuɗin tsakanin ma'aikatansa da talakawan birnin. A 23 ga Oktoba, 1906, a filin Bagatelle, ya tashi da 14-bis na kimanin mita 60 a gaban jama'a, da alƙalai, da 'yan jarida. A 12 ga Nuwamba ya yi mita 220 cikin daƙiƙa 21 da rabi, wanda shi ne tashi na farko da hukumar wasannin sama ta duniya ta rubuta a kundinta. Akwai hoto mai motsi na 14-bis yana tashi. Wato idan kyamara ce alƙali, Santos-Dumont ne ya ci shari'a.

Hujjar 'yan Birazil ita ce jirginsa ya tashi a kan tayoyinsa da ƙarfin kansa, alhali na Wright sai an cilla shi da wata na'ura mai hasumiya da nauyi da igiya. Gaskiyar lamari ita ce sun fara amfani da wannan na'ura ne a 1904. A Kitty Hawk babu ita: layin katako ne da iska mai ƙarfi da ke bugowa daga gaba. Sa'annan 14-bis miƙewa kawai yake iya yi, shekara guda bayan Wilbur ya yi ta zagaye na fiye da rabin awa. A 8 ga Agusta, 1908, da Wilbur ya tashi a gaban jama'a kusa da Le Mans a Faransa, ya karkata jirgi ya juya shi yadda ya ga dama, matuƙan Faransa da suka daɗe suna shakka sun sallama da kansu.

A 2019 tashar HBO ta fitar da shiri mai kashi shida mai suna Santos Dumont, wanda aka shirya a Birazil, João Pedro Zappa ya fito a matsayinsa. Rayuwarsa ta dace da allo: ƙaramin mutum ɗan gayu, mai kyauta, wanda ya bar zanen ƙaramin jirginsa Demoiselle kowa ya kwafa ba tare da biyan ko sisi ba. Ƙarshensa kuwa mai ban tausayi ne. Rashin lafiya ta raba shi da tuƙi a 1910. A 1928, da ya koma Rio ta jirgin ruwa, wani jirgin sama mai ɗauke da sunansa da ya kwaso manyan masana don tarbarsa ya faɗi, kowa a ciki ya mutu. A 23 ga Yuli, 1932, ana yaƙin basasa a São Paulo, jiragen sama suna jefa wa 'yan ƙasa ɗaya bama-bamai, ya kashe kansa a wani otal a Guarujá. Takardar mutuwarsa ta ce ciwon zuciya ne. Tun kafin a fara talabijin a ƙasar, hukuma ta riga ta fara tace labarin gwarzonta.

Neman mugu

A 17 ga Disamba, 1978, tashar NBC ta Amurka ta nuna fim ɗin The Winds of Kitty Hawk don cika shekara 75 da tashin farko, Michael Moriarty ya fito a Wilbur, David Huffman a Orville. Tsarin labarin irin wanda Amurkawa ke so ne: talakawa biyu masu gyaran keke suna fafatawa da manya masu kuɗi da muƙami, irin su Samuel Langley da Alexander Graham Bell da Glenn Curtiss.

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Langley, shugaban Smithsonian, ya karɓi dala 50,000 daga ma'aikatar yaƙi, amma jirginsa ya faɗa kogin Potomac a 8 ga Disamba, 1903, kwana tara kafin nasarar 'yan'uwan da ba su kashe dala 1,000 cikakkiya a nasu ba. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Da suka sami takardar mallakar fasaha a 1906, sai suka shiga maka masu ƙera jirage da masu wasa da su a kotu, musamman Curtiss, wanda shi ma gwanin inji ne da ya taka rawa babba wajen samar da jirgin da ke sauka a kan ruwa. Shari'ar ta cinye shekarun Wilbur na ƙarshe. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1912 yana da shekara 45. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, sai da gwamnati ta tilasta wa kamfanonin haɗa haƙƙoƙinsu wuri guda, kuma matuƙanta galibi da jiragen Faransa da Ingila suka yi yaƙin. A 1929 kamfanonin abokan gabar biyu suka haɗe suka zama Curtiss-Wright.

Ita ma Smithsonian ba ta fita da farin hannu ba. A 1914 ta bar Curtiss ya yi wa tsohon jirgin Langley gyare-gyare masu yawa, ya ɗan tashi da shi, sai cibiyar ta shelanta cewa shi ne jirgi na farko da ke iya ɗaukar mutum. Orville ya fusata, ya aika jirgin 1903 gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928. Bai koma Amurka ba sai 1948, bayan rasuwar Orville, bisa yarjejeniyar da ta ce idan Smithsonian ta taɓa cewa wani jirgi ya riga shi, magada suna da ikon ɗauke abinsu. Hujjojin da ke goyon bayan 'yan'uwan suna da ƙarfi ko babu wannan takarda. Amma yana da kyau a san cewa har rubutun da ke jikin bangon gidan tarihi sai da aka yi ciniki a kansa.

Mata biyu, rabo daban

Cikin matan da suka fara tuƙa jirgi, Amelia Earhart ce talabijin ta fi so. An yi fim ɗinta a 1976, Susan Clark ta fito a matsayinta, aka sake wani a 1994 da Diane Keaton. A 1995 shirin Star Trek: Voyager har ya nuna wasu halittu daga wata duniya ne suka sace ta. Jarumtarta ba abin musu ba ce. A Mayun 1932 ta zama mace ta farko da ta tsallake tekun Atlantika ita kaɗai. A Yunin 1937, a ƙoƙarinta na zagaya duniya, ta ratsa samaniyar Nijar daga Gao zuwa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, ta wuce El Fasher da Khartoum. Amma abin da ya riƙe kyamara a kanta shi ne ɓacewarta a tekun Pasifik a 2 ga Yuli, 1937, tare da mai duba mata hanya Fred Noonan. Labarin da ba shi da ƙarshe ana iya sayar da shi kowace shekara.

A Yulin 2017 tashar History ta nuna wani shiri da ya ce an gano tsohon hoto na Earhart da Noonan a bakin wata tashar jirgin ruwa a tsibiran Marshall, alamar sojojin Japan ne suka kama su. Jaridun duniya suka ɗauka. Cikin 'yan kwanaki wani mai binciken tarihi a Japan ya nemo hoton a wani littafin tafiye-tafiye da aka buga a 1935, shekara biyu kafin su ɓace. Tashar ta janye shirin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai mutanen da suka ga shirin da tallansa ba duka ne suka ji gyaran ba.

Bessie Coleman kuwa ta sami lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa a 15 ga Yuni, 1921, kusan shekara biyu kafin Earhart ta sami nata. Baƙar fata ce daga Texas, ta tashi tana tsinkar auduga, daga baya tana gyaran farce a wani shagon aski a Chicago. Makarantun tuƙi na Amurka suka ƙi karɓarta saboda launinta da kuma kasancewarta mace. Da shawarar Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, ta koyi Faransanci, ta tara kuɗi, ta tafi makarantar Caudron a arewacin Faransa. Da ta koma gida tana wasa da jirgi a gaban jama'a, ta kafa sharaɗin ba za ta tashi ba idan aka ware wa baƙaƙe ƙofar shiga daban.

Ita da kanta ta san haɗarin allo. A 1922 an ba ta babbar rawa a wani fim. Da ta ga cewa a fitowar farko za a sa mata tsumma, da sanda a hannu da ƙunshi a baya, sai ta ajiye aikin ta yi tafiyarta, duk da tana matuƙar buƙatar kuɗin don buɗe makarantar tuƙi ta baƙaƙen fata. A 30 ga Afrilu, 1926, a Jacksonville, wata sifana da aka manta ta maƙale a cikin na'urar sarrafa jirginta, jirgin ya kife, ta faɗo ta rasu tana da shekara 34. Bakanikenta William Wills, wanda ke riƙe da tuƙi, shi ma ya mutu. Mutuwarta ba ta bar wani sirri da za a yi ta tonowa ba, kuma masu zaɓen labarin da za a zuba wa kuɗi a waɗannan shekaru ba irinta suke nema ba. Al'ummarta ce ta riƙe sunanta. A 1992 Mae Jemison, baƙar fata mace ta farko da ta je sararin samaniya, ta tafi da hotonta a kumbo. A 2023 aka sa fuskarta a jikin kwandalar Amurka.

To, wa ya fara?

Amsar da takardu da hotuna da wasiƙu suka fi goyon baya ita ce: 'yan'uwan Wright ne suka fara tashi da jirgi mai inji, wanda mutum ke sarrafawa, ya kuma daɗe a sama. Santos-Dumont ne na farko da ya yi tashin da hukuma ta tabbatar a gaban jama'a, kuma shi ya zaburar da Turai. Dukansu sun gina ne a kan aikin wasu, irin su Lilienthal da ya ba da ransa, kuma kowannensu yana da kanikawa da masu ɗinki da kafintoci a bayansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ba dalilin ƙin kallon irin waɗannan finafinai ba ne. Da yawa sun fara sha'awar kimiyya ne daga nan. Abin da ake so shi ne mai kallo ya riƙa yi wa shiri tambayoyi uku: a wace ƙasa aka yi shi, wa aka mayar mugu don gwarzo ya haskaka, kuma wa ya yi aikin da ba a nuna fuskarsa ba.

Tambayoyin za su yi mana amfani a gida. A 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na rundunar saman Ingila da suka taso daga Helwan a Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, sun sauka a Kano bayan sun biyo ta Sudan da Cadi da Maiduguri. Rahotannin Turawa sun adana sunayen matuƙan. Amma kafin jirgi ya sauka a wurin da babu filin jirgi, sai an sami waɗanda suka sare ƙaya, suka baje ƙasa, suka kai mai suka ajiye. Duk marubucin da ya zauna zai mayar da wannan rana fim, zaɓin da ya fuskanci NBC da HBO shi ma zai fuskanta: ko ya kafa kyamara a kan mutanen da suka sauko daga jirgin, ko ya juya ta ya ɗauko har da waɗanda suka share filin da kuma jama'ar da ta fito kallo.